Auta da Direban Fito

Auta ta ja ƙofar ƙarfen da hannu ɗaya, ƙofa ta ƙi. Ta ajiye bokitin shara ta sa hannu biyu ta jijjiga. Sai da ta leƙa ta tsakanin ƙarafan ta ga abin da ya riƙe ta: kwaɗo ne sabo fil, an danna shi daga waje.

A bayanta 'yan biyu suna kokawa a kan cokali ɗaya. Sarkin Kuka ya riga ya wage baki, Malam Shiru kuma ya riƙe cokalin gam bai ce uffan ba, kamar yadda ya saba.

"Anti, buɗe mu bi ki..." in ji Sarkin Kuka cikin kuka.

"Babu makulli," ta ce. "Mamanku ta tafi da shi."

Yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta kulle ta kafin ta tafi aiki. Wayarta ma tun jiya tana cikin jakar Yayar.

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina goshinta da ƙarfen.

Lokacin da ta zo garin nan, 'yan biyun ko cibiya ba su yar ba. Yaya nas ce a babban asibitin da ke ƙetaren ruwa, mijinta kuma yana tsara layin tireloli a tashar jiragen ruwa, ya fita da duhu ya dawo da duhu. Innarsu ta ce Auta ta je ta kama wa 'yar'uwarta na 'yan makonni, da zarar Yaya ta yi ƙwari sai Auta ta dawo ta ci gaba da karatunta. Auta ta taho da ƙaramar jaka da murnar za ta ga teku.

Tekun da ba ta gani ba ke nan. Tagar ɗakinta tana kallon filin da ake jibge kwantena, an ɗora wata kan wata har sun tare sama. Sai dai ta ji ƙugin manyan jirage, ta shaƙi ƙarnin kifi da warin baƙin mai. Iskar gishiri tana cin komai: almakashi ya yi tsatsa, zik ɗin jakarta ya cije, takalmin da ta zo da shi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Yau ga yaran suna gudu suna kiranta Anti, har yanzu ana cewa ta ƙara haƙuri. Duk lokacin da ta kira Inna ta tayar da maganar komawa, sai Inna ta ce to wa zai riƙe wa Yayarta yaran? Ba a zaginta, ba a dukanta, ana ɗinka mata sutura. Wannan ne ma ya sa ta rasa bakin yin ƙorafi.

A jirgin fito ta haɗu da Kyaftin. Ranar ta kai yaran awo asibiti, karon farko da ta taka abin da ke yawo a kan ruwa. Ta goya ɗaya, ta rungume ɗaya, ta runtse ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Da wani ƙaton jirgi ya wuce ya turo igiyar ruwa, ta cafki hannun wata tsohuwa da ba ta sani ba. Sai ta ji an rage gudu, jirgin ya lafa. Fasinjoji suka fara mita, direban ya ce daga wajen sitiyari wanda yake sauri ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. Aka kwashe da dariya. Da suka isa, shi ya karɓi Sarkin Kuka ya tsallakar da shi, ya ce mata in za ta sake hawa ta riƙa kallon nesa, kada ta kalli ruwan da ke kusa.

Dogo ne, rana ta ƙona shi, ga tabo a haɓa. Fasinjoji ne suka laƙaba masa Kyaftin, shi kuwa yakan ce jirgin da bai fi motar haya ba ina shi ina kyaftin. Daga ranar, duk zuwan da za ta yi kasuwar kifi da ke bakin tashar fito sai ya san yadda ya yi ya karɓar mata kwando. Yakan tambaye ta garinsu, ta yi ta ba shi labarin fili da duwatsu da ƙasar da in ka taka ba ta motsi. Shi ne mutum na farko a garin da ya tambaye ta me ita take so. Ta ce tana so ta koma makaranta ta zama malamar yara. Bai yi dariya ba. Ya ce akwai kwalejin horon malamai a ƙetare, kusa da unguwarsu.

Akwai mai sayar da tikiti a tashar, wata mai fara'a da jan baki, wadda ta daɗe tana ajiye wa Kyaftin shayi a filas. Tun da ta lura ya daina tsayawa a tagarta, ta fara gaishe da Yaya da kyau duk safiya. Jiya ta riƙe mata hannu ta ce don Allah kada ta ji haushi, ita dai tsoron Allah ne ya sa za ta faɗa: mutumin da ke bin ƙanwarta ya taɓa aure, matar ta gudu ta bar shi, yana da 'ya a wajen tsohuwarsa, kuma mai reno yake nema.

Yaya ta dawo gida kamar za ta kama da wuta. Ta ce amana aka ba ta, ba za ta zuba ido ɗan bakin ruwa ya lalata mata ƙanwa ba. Auta ta ce ƙarya ake masa. Yaya ta fizge wayar. Baban 'yan biyu ya ce a bi abin a hankali, ta ce ya tsaya a kan tirelolinsa.

Hantsi ya ɗaga lokacin da Auta ta ji taku a matakala. Ta san takun. Ta miƙe ta gyara mayafi.

Kyaftin ya tsaya a bakin ƙofar yana haki, ya dubi kwaɗon, ya dube ta. Ya ce tun jiya yake kiran wayarta yana jin ta a kashe, shi ya sa ya bar jirgin a hannun abokin aikinsa ya taho.

"Wa ya yi miki wannan, sanyin idona?"

"Kana da 'ya?"

Ya sunkuyar da kai. Wannan kaɗai ya ishe ta amsa.

"Ina da ita," ya ce a hankali. "Tana wajen mahaifiyata. Uwarta ta ce ba za ta iya zaman garin nan ba, na sallame ta ba tare da faɗa ba. Na so in gaya miki..."

"Yaushe? Bayan an ɗaura?"

"Tsoro na ji, Auta. Kullum kina ba ni labarin yadda reno ya cinye miki rayuwa. Na ce in na faɗa za ki gudu."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, hawaye na sauko mata.

"Ashe daga wannan ɗakin za ka ɗauke ni ka kai ni wani. In gama da 'ya'yan Yaya in fara da taka."

Ya rantse ba haka ba ne. Ya sa hannu ta tsakanin ƙarafan, ta ja da baya. Ya ce bari ya kira mai waldan da ke ƙasan benen ya yanke kwaɗon yanzun nan, ta ce in an yanke ta je ina? Ta roƙe shi ya tafi, kada ya sake hawowa. Ta tura ƙofar katako ta rufe, ta tsaya a bayanta tana jin shi. Ya daɗe kafin ya sauka.

Damina ta kankama. Ruwa ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba, bango ya jiƙe, wanki ya ƙi bushewa, aka ɗaura igiya a falo ana ratsa rigunan yara kafin a kai ga kujera. Kowace safiya Auta tana kwance take jin ƙarar kwaɗon. Ta gaya wa Yaya ta rabu da shi, babu sauran dalilin kulle. Yaya ta ce ta san halin masu soyayya, sai ta ga kamun ludayinta tukuna. Da yamma takan dawo da tsaraba, wani lokaci turare, wani lokaci ɗan kunne, ta ajiye mata a kan gado ba tare da sun haɗa ido ba.

Auta ta daina tambayar yaushe. Ta yi wanka wa yara, ta ba su abinci, ta share, ta zauna a bakin taga tana karanta lambobin jikin kwantena. In ta ji hon ɗin jirgin fito daga nesa sai ta tashi ta kunna famfo.

Ranar da abin ya faru, Malam Shiru ya tashi da ɗumin jiki. Yaya ta taɓa shi ta ce mura ce, ta ba shi magani ta fita tana sauri. Kafin azahar jikin ya yi zafi kamar garwashi. Auta tana goga masa jiƙaƙƙen tawul sai ta ga idanunsa sun kakkafe, jikinsa ya sanƙame, ya fara jijjiga.

Ta sunkuce shi ta yi ƙofa. Ta manta da kwaɗon. Ta daki ƙarfen da kafaɗa, ta sake duka, kwaɗo ko gezau. Sarkin Kuka ya riƙe zanenta yana tsala ihu. Maƙwabtan benen duk sun tafi aiki. Ta koma taga ta fasa gilashin da muciya, ta yi ta ƙwala wa mai walda kira har muryarta ta dushe.

Mai waldan, wani dattijo, ya hawo da injin yankan ƙarfe yana salati. Tartsatsi ya cika matakalar, kwaɗon ya faɗi. Ya ce ta bar masa ɗayan, matarsa za ta riƙe shi.

Ta fito titi babu takalmi. Ruwa ya kai ƙauri, tireloli sun toshe hanya tun daga ƙofar tasha har inda ido ya tsaya, ko babur ba shi da wurin ratsawa. Wani mai shago ya ce in ta kan gada za ta bi zuwa asibitin ƙetare, sai dai ta isa da magariba. Ta juya ta nufi tashar fito da gudu.

Mai tikiti ta leƙo ta taga ta ce an dakatar da fito, ruwa ya yi hauka, ba jirgin da zai tashi. Sai idonta ya sauka a kan yaron. Ita da kanta ta fito cikin ruwan sama tana kiran Kyaftin.

Yana ƙarƙashin rumfa tare da sauran direbobi. Bai tambayi komai ba. Ya dubi yaron, ya dubi ruwan, ya kwance igiya. Shugaban tashar ya biyo shi yana cewa in ya tayar da injin nan a bakin aikinsa. Kyaftin ya ɗaura wa Auta rigar hana nutsewa da hannunsa, ya zaunar da ita a tsakiyar jirgin.

"Riƙe shi ta gefe, kada ki danne masa baki. Ki bar mini sauran."

Jirgin ya hau ya faɗa, ya hau ya faɗa. Ruwan gishiri yana watso mata a fuska. Ba ta runtse ido ba ko sau ɗaya, fuskar yaron take kallo tana kiran sunan Allah, tana ce masa ɗan albarka kada ka yi mini haka. Ta ɗago sau ɗaya ta ga bayan Kyaftin, rigarsa ta manne, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana karkata jirgin yana bin igiyar ruwa ta gefe.

Shi ya karɓi yaron a ɗaya gaɓar ya ruga da shi. A ƙofar ɗakin taimakon gaggawa suka yi karo da Yaya cikin fararen kaya, da tire a hannu. Tiren ya faɗi.

Sai bayan la'asar likita ya fito ya ce zazzaɓi ne ya hau masa kai, an shawo kansa, amma da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Ya tambaya me ya hana a kawo shi da wuri.

Yaya ta sami Auta a kan benci a baranda. Ta ga ƙafafunta, gilashi ya yanke ta ba ta ma sani ba. Ta ɗauko auduga ta durƙusa a gabanta tana wankewa. Can ta fashe da kuka. Ta ce ba don auren Kyaftin na baya ko 'yarsa ta sa kwaɗon ba. Tun ranar da ta ji ana son Auta ta kasa barci, tana tunanin in ta tafi yaya za ta yi da aiki da yara a garin da ba ta da kowa. Da mai tikiti ta kawo maganar, daɗi ta ji.

"Ki yafe mini, Auta. Na mayar da ke baiwa ina kiranki ƙanwa."

"Na yafe, Yaya," ta ce. "Amma gida zan tafi."

Yaya ta gyaɗa kai, ba ta yi musu ba.

Kyaftin yana tsaye a bakin ƙofar asibitin, kayansa na ɗiga. Auta ta yi masa godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya ce ba don a gode masa ya yi ba, kuma ba zai ce ta sake shawara saboda wannan ba. Ta so ya roƙe ta. Bai roƙa ba.

Da yaron ya warware, Yaya ta sami wata dattijuwa mai reno, Baban 'yan biyu ya kai Auta tashar mota. 'Yan biyu suka yi ta kuka, har da Malam Shiru.

Gida ya karɓe ta da murna ta kwana biyu. Daga nan ta ga an mayar da ɗakinta wurin ajiye buhuna. Ƙawayenta duk sun yi aure, hirarsu ta miji ce da goyo. Makarantar da ta bari ta ce sai ta sake daga farko. Matar babban wansu ta haihu, aka fara cewa ai ga Auta ta dawo, ta ƙware da yara. Ta zauna a tsakar gida da jaririn wani a cinya, ga fili ga sarari, amma ƙirjinta a cushe kamar tana bayan ƙofar nan. Da asuba takan farka tana jiran ƙugin jirgi, sai ta ji zakara.

Wata ranar kasuwa aka ce tana da baƙi. Ta fito ta ga wani tsoho mai farin gemu, a bayansa Kyaftin ya jingina da bango, fuskarsa ta yi fari fat. Tsohon ya ce shi kawunsa ne, kuma a taimaka wa ɗan nasa da ruwa: mutumin da teku ba ta taɓa juya wa ciki ba, tun da motar ta fara hawan duwatsu yake amai.

Auta ta yi dariya har ta riƙe ciki. Rabonta da irin wannan dariyar ta manta.

Bayan manya sun gaisa, aka bar su a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Ya ce an dakatar da shi daga aiki na wani lokaci, yanzu an mayar da shi. Yaya ce da kanta ta neme shi ta kwatanta masa gidan. Ya ce ya yi kuskure da ya ɓoye mata, ba shi da abin kare kansa. Yarinyar tana wajen kakarta, can za ta ci gaba da zama, sai in Auta ce wata rana ta ce a kawo ta. Ya je kwalejin ya tambayo, suna ɗaukar sababbi bayan damina.

"Ban zo in ce garin zai yi miki daɗi ba," ya ce. "Tsatsa tana nan, cunkoso yana nan. Ni ma ban iya komai ba sai ruwa. Amma in kin zo, da ƙafarki za ki fita da safe, da ƙafarki za ki dawo."

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta.

"In na ce a'a fa?"

"Sai in koma in yi ta amai har gida, ranki ya daɗe."

Ta ce sai ta fara karatu tukuna a yi maganar rana. Ya ce ya yarda. Inna ta so ta ja, ta ce ɗiyarta ba za ta auri mai ɗiya ba, kuma ruwa ba abin yarda ba ne. Auta ta durƙusa a gabanta ta ce tunda aka haife ta ake aikenta inda ake buƙatarta, wannan karon tana roƙon a bar ta ta je inda take so. Inna ta share ido ta sa mata albarka.

Aka ɗaura aure a hutun zangon farko. Gidansu ɗaki biyu ne a ƙetare, a ƙasa, bayan wurin gyaran jirage.

Auta da kanta ta ce a kawo mata yarinyar ta gan ta. Kakar ta rako ta wata safiya, 'yar siririya mai idon ubanta, ta ƙanƙame jakar makaranta a ƙirji. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Da alama an yi mata dogon gargaɗi a hanya, don tun kafin a tambaye ta ta fara zubo magana:

"Na iya wanka da kaina. Na iya wanke kwanona. Ba na kuka da dare. Ba zan dame ki ba..."

Auta ta ɗago daga kan littattafanta. Ta dubi kan yarinyar, kitson ya tsufa, kakar ba ta gani sosai, layukan duk sun karkace.

"Kitso fa? Kin iya yi wa kanki?"

Yarinyar ta girgiza kai.

Auta ta ture littattafanta gefe, ta jawo 'yar kujera ta ajiye a tsakanin ƙafafunta.

"To zo ki zauna. Ki miƙo mini matajin can."